KANAR HARLAND SANDERS: TSOHON DA YA BA DA HAYAR SUNANSA

A cikin 'yan kasuwar Amurka na ƙarni na 20 da wuya a sami wanda fuskarsa ta zagaya duniya kamar ta Kanar Harland Sanders, tsohon nan mai furfura da ɗan tsinin gemu da tabarau, wanda ake ganin hotonsa a ƙofar shagunan sayar da soyayyar kaza na kamfanin KFC. Mutumin nan bai taɓa riƙe muƙamin kanar a soja ba, karatunsa bai wuce aji bakwai ba, kuma sa'ad da ya cika shekara 65 da haihuwa, lokacin da tsararrakinsa suka koma gida suna hutawa, shi kuwa sai ga shi ya sayar da gidan abincinsa a gwanjo don ya biya bashi. Abin da ya rage masa a duniya bai wuce abu uku ba, watau sunansa, da sirrin haɗin kayan yajinsa, da wata dabara ta soya kaza. Yadda ya juya waɗannan abubuwa uku har suka zama dukiya, da kuma yadda daga baya suka kuɓuce masa yana ji yana gani, shi ne abin da ya sa ɗaliban ilmin ciniki ke nazarin rayuwarsa har yanzu.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya fahimci irin cinikin da ake magana a kai. Idan sana'ar mutum ta karɓu, yana so ta yaɗu zuwa wasu garuruwa, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya buɗe rassa da kuɗin aljihunsa, ya ɗauki ma'aikata, riba tasa, hasara ma tasa; ko kuwa ya nemi wasu masu jari ya yarje musu su yi ciniki da sunansa da dabarunsa, su gina shago da kuɗinsu, su kuwa riƙa biyansa wani kaso bisa sharuɗɗan da aka ajiye. Wannan hanya ta biyu ita muke kira hayar suna. Ba Sanders ya fara ta ba. Tun 1899 kamfanin Coca-Cola ya ba wasu lauyoyi biyu na garin Chattanooga iznin ɗura lemonsa a kwalba, kuma bisa irin wannan izni ne kamfanin ɗura lemo da aka kafa a Nijeriya cikin 1951 ya yi aikinsa. Kamfanonin mota da na man fetur su ma sun daɗe suna haka da dillalansu. Abin da Sanders ya nuna shi ne, ko talaka wanda ba shi da masana'anta yana iya ba da hayar ɗanɗanon abinci.

Ƙuruciya da yawon neman abinci

An haifi Harland David Sanders ran 9 ga watan Satumba, 1890, a wata gona kusa da garin Henryville cikin Jihar Indiyana. Shi ne babba cikin 'ya'ya uku. Mahaifinsa ya rasu cikin 1895, sai ya zama dole mahaifiyarsa ta kama aiki a masana'antar zuba tumatir a gwangwani, ta riƙa barin gida kwana da kwanaki, ta bar wa Harland kula da ƙannensa. A nan ya koyi girki, ba don sha'awa ba sai don larura, har ya zamana yana ɗan shekara bakwai ya iya gasa burodi da dafa kayan lambu. Yana da shekara 10 ya fara ƙodago a gonakin mutane. Cikin 1902 mahaifiyarsa ta sake aure, zama bai yi daɗi tsakaninsa da mijin uwarsa ba, saboda haka ya bar makaranta, ya bar gida yana kimanin shekara 13.

Daga nan sai yawon neman abinci, wanda ya ɗauke shi fiye da shekara 25. Ya yi fentin keken doki, ya yi aikin gona, ya yi kwandastan taragon cikin gari. Cikin 1906 ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga sojan Amurka, aka kai shi ƙasar Kyuba yana kula da keken alfadarai, bayan 'yan watanni aka sallame shi. Ya koma aikin jirgin ƙasa a Jihar Alabama, ya fara da kwashe toka, har ya kai ga mai zuba wa inji kwal. A can ya auri Josephine King cikin 1909, suka haifi 'ya'ya uku. Yana aikin jirgi yana karatun shari'a ta gidan waya, har ya yi ɗan aikin lauya a ƙananan kotuna na garin Little Rock, amma aikin ya ƙare ranar da ya yi dambe da mutumin da yake karewa a gaban alƙali. Ya sayar da inshora, aka kore shi saboda ƙin bin umurnin na gaba.

Cikin 1920 ya tara masu jari suka kafa kamfanin jirgin fito a Kogin Ohayo, tsakanin Jeffersonville da Louisville. Abin ya yi albarka, ya sayar da hannun jarinsa ya sami dala 22,000, kuɗi masu yawa a zamanin. Sai ya zuba su cikin ƙera fitilu masu aiki da iskar gas don manoma, ashe fitilar lantarki na nan tafe, wani kamfani ya shiga sayar da ita bashi, jarin Sanders ya narke. Ya koma sayar da tayoyin Michelin, sa'an nan ya riƙe gidan mai a garin Nicholasville na Jihar Kentaki, wanda shi ma ya rufe cikin 1930 sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya karye. Duk wanda ya dubi wannan jerin zai ga halaye biyu da suka bi mutumin har kabari: ƙwazo wanda ba ya gajiya, da zafin rai wanda ba ya jure ganin an yi aiki ba daidai ba.

Gidan mai na Corbin

A shekarar nan ta 1930, yana da shekara 40, kamfanin Shell ya ba shi wani gidan mai a Corbin, cikin Jihar Kentaki, ba tare da kuɗin haya ba, sai dai ya riƙa ba kamfanin wani kaso na cinikin da ya yi. Watau shi kansa ya ɗanɗana zama ƙarƙashin sunan wani kafin wasu su zauna ƙarƙashin nasa. Gidan man yana bakin hanya mai lamba 25, wadda matafiya daga arewacin ƙasar ke bi zuwa Fulorida. Direbobi kan tsaya shan mai su tambayi inda za su sami abinci, sai Sanders ya ga ai ga ciniki ya kawo kansa. Ya fito da teburin cin abincin iyalinsa mai kujeru shida, ya fara ciyar da baƙi abin da ake dafawa a gidan.

Labarin abincin ya bazu. Cikin 1935 Gwamnan Kentaki, Ruby Laffoon, ya ba shi sarautar girmamawa ta Kanar, wadda jihar ke bai wa mutanen da suka yi mata hidima, ba ta kuwa da dangantaka da soja. Ya faɗaɗa wurin ya haɗa da masaukin matafiya, kuma cikin 1939 Duncan Hines, wani mashahurin mai rubuta jagorar gidajen abinci, ya sa sunan wurin cikin littafinsa. A ƙarshen wannan shekara gobara ta cinye ginin, amma ya sake gina shi da zauren cin abinci mai ɗaukar mutum kimanin 140.

Matsalar da ta dame shi ita ce lokaci. Soya kaza a kasko yadda yake so yakan ci kimanin rabin sa'a, matafiyi kuwa ba ya iya wannan jira. Idan ya soya tun da wuri ya ajiye, kazar ta huce ko ta yi kwantai. Idan ya tsoma ta cikin tafasasshen mai yadda wasu ke yi, ta yi sauri amma ta bushe. Cikin 1939 aka fara sayar da wata sabuwar tukunya mai murfi wadda ke matse tururi a ciki don dafa kayan lambu da sauri. Sanders ya sayi ɗaya, ya yi ta gwaji da mai maimakon ruwa, har ya gano yadda zai soya kaza cikin 'yan mintoci ba tare da ta rasa danshinta ba. Zuwa 1940 kuma ya kammala haɗinsa na kayan yaji da na ƙamshi iri 11 da ake cakuɗawa da fulawa. Waɗannan biyu, tukunya da haɗi, su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin sun mai da girkinsa abin da ake iya koya wa wani: a auna kaza, a auna mai, a duba agogo, ɗanɗano ya fito iri ɗaya ko wa ya tsaya a bakin murhu. Sana'ar da ta rataya ga hannun mutum ɗaya kaɗai ba ta hayuwa, sai wadda aka iya mayar da ita ƙa'ida.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin man fetur, matafiya suka ragu, ciniki ya ja baya, har Sanders ya tafi ya riƙe wa gwamnati gidajen cin abinci na ma'aikata. Ya rabu da Josephine cikin 1947, ya auri Claudia, wadda ta daɗe tana aiki a wurinsa, cikin 1949. Cikin 1950 Gwamna Lawrence Wetherby ya sabunta masa sarautar Kanar, daga nan ya fara shiga irin ta dattawan kudancin Amurka, ya tsayar da gemu, daga baya ya zaɓi farar kwat da siririn baƙin ɗamarar wuya, bai kuwa ƙara fita bainar jama'a da wata shiga ba.

Gwajin farko a Yuta

A wani taron masu gidajen abinci a Shikago ya haɗu da Pete Harman, mai babban gidan abinci a Salt Lake cikin Jihar Yuta. Cikin 1952 ya ziyarce shi, ya soya masa kaza, suka shirya cewa Harman zai sa ta cikin jerin abincinsa, ya riƙa biyan Sanders 'yan santi kan kowace kaza da ya sayar. Mai rubuta allon da Harman ya ɗauka, Don Anderson, shi ya kawo sunan Kentucky Fried Chicken, domin a Yuta ambaton Kentaki yana sa mutane tunanin karimcin mutanen kudu. A shekarar farko cinikin Harman ya ninka fiye da sau uku, kuma yawancin ƙarin daga kazar ya fito.

Wannan gwaji ya amsa muhimmiyar tambayar da ke gaban duk mai tunanin ba da hayar sunansa, watau ko abin zai karɓu a wurin da ba a san shi ba, a hannun wani ba shi ba. Tsakanin Corbin da Salt Lake akwai fiye da mil dubu, mutanen can ba su taɓa jin sunan Sanders ba, shi ma ba ya cikin kicin ɗin, amma duk da haka kaza ta yi kasuwa. Har wa yau ya ga cewa abokin ciniki nagari yakan kawo dabarar da mai sunan bai yi tunaninta ba. Harman ne cikin 1957 ya fara zuba kaza gunduwa 14 da burodi da romo cikin bokitin kwali don iyali su saya su tafi da shi gida, bokitin da ya zama tambarin kamfanin. Amma a farkon shekarun nan Sanders bai ɗauki hayar suna a bakin babbar sana'a ba. Hankalinsa yana kan gidan abincinsa na Corbin, masu hayar kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Da hanya ta kauce

Abin da ya yanke masa shawara daga waje ya zo. Gwamnatin Amurka ta tsara sababbin manyan hanyoyi tsakanin jihohi, aka shata mai lamba 75 ta bi ta bayan Corbin. Gidan abincin da ke rayuwa da matafiya, idan matafiya suka sauya hanya, to, ya mutu ko da girkinsa ya fi na kowa. Darajar wurin ta faɗi, cikin 1956 ya sayar da shi a gwanjo, kuɗin da ya samu da ƙyar suka biya bashi da haraji. Ya koma dogaro da ɗan abin da ya tara da kuma fanshon tsufa na gwamnati, dala 105 a wata.

A nan ya auna abin da ke gabansa. Gina sabon gidan abinci a bakin sabuwar hanya yana bukatar jarin da ba shi da shi, ga tsufa, kuma ya riga ya ga yadda dukiyar da ke daure a wuri ɗaya ke hallaka idan wurin ya mutu. Sayar da sirrin haɗin gaba ɗaya ga wani kamfani zai kawo kuɗi sau ɗaya ne, a cinye a zauna. Hayar suna kuwa ba ta bukatar gini ko ma'aikata, jarin na wasu ne, kuma kuɗin shiga ba ya rataya ga gari ɗaya ko hanya ɗaya. Sai ya loda tukwane da buhunan haɗi a bayan motarsa ya shiga ƙasa.

Ga yadda ya tsara abin. Yakan shiga gidan abinci ya roƙi mai wurin ya bar shi ya soya wa ma'aikata kaza bayan cinkoso ya lafa. Idan ta yi musu daɗi, sai ya zauna 'yan kwanaki yana soya wa masu saye, yana koya wa masu girki, shi kuwa sau da yawa a cikin mota yake kwana. Bai nemi kowa ya rushe shagonsa ko ya sauya sunansa ba, kaza ce kawai za a ƙara cikin jerin abinci, saboda haka kasadar da mai shago zai ɗauka kaɗan ce. Bai nemi kuɗi masu yawa tun farko ba, sai santi huɗu, daga baya biyar, kan kowace kaza, watau ba zai samu ba sai mai shago ya samu. Yawancin yarjejeniyar da musafaha aka ƙulla ta. Abu ɗaya ne ya ƙi saki, shi ne sirrin haɗin. Claudia ce ke auna kayan yajin a gida, ta ƙulla, ta aika wa masu shaguna ta jirgin ƙasa, ta yadda mai shago zai iya soya kazar amma ba zai iya raba gari da Sanders ya ci gaba da yin irinta ba.

Lissafin mai sauƙi ne. A kan santi biyar, sai an sayar da kaza 2,100 kafin a sami daidai da fanshonsa na wata guda. Ga shago ɗaya wannan abu ne mai nauyi, amma idan shaguna suka kai ɗari, kowanne yana ciniki kowace rana, sai ƙananan kuɗin nan su zama kogi. Haka kuwa aka yi. Zuwa 1959 ya kafa ofis a Shelbyville, masu neman haya suka fara zuwa da ƙafarsu maimakon ya bi su. Zuwa 1960 wuraren da ke sayar da kazarsa sun kai kimanin 200, zuwa 1963 sun haura 600 a Amurka da Kanada. Cikin waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin sunansa har da wani saurayi, Dave Thomas, wanda ya farfaɗo da wasu shaguna da suka durƙushe a Columbus ta hanyar rage yawan abincin da ake sayarwa a mai da hankali kan kaza, daga baya kuma cikin 1969 ya kafa kamfaninsa na Wendy's.

Amma fa tsarin yana da rauninsa. Yarjejeniyar baka tana tafiya ne muddin mai suna ya san kowane mai shago da fuska. Kula da inganci kuma ya rataya ga mutum ɗaya, tsoho mai shekara 70 da 'yan kai, wanda ke tuƙa mota daga jiha zuwa jiha yana leƙa kicin, yana ɗanɗana romo, yana zazzaga faɗa idan ya ga an saɓa ƙa'ida. Mai ba da hayar suna ya bar sana'ar girki ke nan ya shiga wata sabuwa, ta horar da mutane, da binciken lissafi, da rubuta yarjejeniya, da tsawata wa wanda ya karya ta. Shago ɗaya da ya sayar da kaza marar kyau yana ɓata sunan sauran ɗari shida. Aikin ya fi ƙarfin Sanders da matarsa da 'yan ma'aikatan ofishinsu.

Sayar da kamfani

Cikin 1964, yana da shekara 73, ya sayar da kamfanin kan dala miliyan biyu ga wasu masu jari ƙarƙashin jagorancin John Y. Brown ƙarami, wani lauya mai shekara 29 wanda daga baya ya zama Gwamnan Kentaki daga 1979 zuwa 1983, da Jack C. Massey, wani attajiri na Nashville. Aka yanka masa albashin dala 40,000 a shekara har iyakar ransa, a kan ya zama jakadan kamfanin kuma mai duba ingancin abinci. Ya riƙe harkar Kanada a hannunsa, ya kuma koma can da zama na wani ɓangaren shekara daga 1965. Iznin Ingila da na jihohin Fulorida, Yuta da Montana ba su shiga cinikin ba, domin ya riga ya ba wasu. An yi masa tayin hannun jari cikin sabon kamfanin, bai karɓa ba, ya fi son kuɗi a hannu.

Sababbin masu kamfanin suka sauya tsari. Maimakon kaza ta zama ƙari cikin abincin wani, sai aka koma gina shaguna na musamman masu fenti iri ɗaya, ja da fari, inda ake saye a tafi da shi. Musafaha ta ba da wuri ga rubutacciyar yarjejeniya, kuɗin haya kuma ya koma kaso na dukan cinikin shago. Aka zuba kuɗi cikin talla a talabijin da fuskar Kanar. Aka sa hannun jarin kamfanin a kasuwa, mutane da yawa da suka saya da wuri suka zama attajirai. Zuwa 1971 shaguna sun haura 3,000, aka sayar da kamfanin ga Heublein, mai sana'ar abinci da giya, kan kimanin dala miliyan 285, watau fiye da ninki ɗari na abin da aka biya Sanders shekara bakwai kafin nan.

Ba kuɗin ne suka fi ci masa rai ba, ɗanɗanon ne. Don a rage tsada da wahalar aiki an sauƙaƙa yadda ake yin romon da yake alfahari da shi, aka kuma shigo da wasu nau'o'in abinci da ba shi ya ƙirƙiro su ba, duk da hotonsa a jikin kwali. Yakan shiga shago ba sanarwa, ya ɗanɗana, idan bai gamsu ba ya faɗi abin da ke ransa a gaban kowa, har a gaban 'yan jarida ya kwatanta romon da ƙullun da ake manna takarda a bango da shi. Shi da Claudia suka buɗe wani gidan abinci a Shelbyville, suka yi niyyar ba da hayarsa shi ma, sai kamfanin ya tare su da cewa sunan Kanar a harkar abinci ba nasa ba ne kuma, an saya. Ya kai kamfanin ƙara cikin shekarun 1970 bisa amfani da siffarsa a kan kayan da ba shi da hannu a ciki, aka sasanta a wajen kotu aka biya shi dala miliyan ɗaya. Wani mai shago kuma ya kai shi ƙara bisa ɓata suna saboda sukar da ya yi wa romon, kotu ta kori ƙarar. Duk da wannan tsama bai daina yi wa kamfanin aiki ba, yana tafiyar kimanin mil 200,000 a shekara cikin farar kwat ɗinsa har ya kusa shekara 90. Dukiyar da ya samu daga Kanada kuwa ya mai da yawancinta ga wata gidauniya da ke taimakon asibitoci da ɗalibai.

A shekarun da sunansa ke bunƙasa, harkar hayar suna ta cika Amurka, 'yan damfara ma suka shigo suna karɓar kuɗin mutane da alkawarin ribar da babu ita. Wannan ya sa cikin 1979 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka cewa dole mai ba da haya ya bayyana wa mai nema, a rubuce, halin kamfaninsa da kuɗin da za a biya da sharuɗɗan rabuwa kafin a sa hannu. Zamanin musafaha irin na Sanders ya wuce ke nan.

Cikin watan Yuni na 1980 likitoci suka gano yana da sankarar jini. Ya rasu a Louisville ran 16 ga watan Disamba, 1980, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 90. An ajiye gawarsa a zauren majalisar jiha da ke Frankfort jama'a suka yi ban kwana da shi, sa'an nan aka binne shi a maƙabartar Cave Hill cikin farar kwat ɗinsa. A lokacin akwai shaguna kimanin 6,000 a ƙasashe 48 masu ɗauke da hotonsa. Kamfanin ya ci gaba da sauya hannu: PepsiCo ya saye shi cikin 1986, ya shiga ƙasar Sin cikin 1987, aka taƙaita sunan zuwa KFC cikin 1991, ya buɗe shagonsa na farko a Legas cikin 2009, kuma shagunansa sun haura 25,000 a ƙasashe fiye da 140, mafi yawansu a hannun masu haya.

Ɗan kasuwar da ke tunanin bin sawunsa zai ga cewa Sanders bai ba da hayar komai ba sai bayan ya shekara 20 yana gyara sana'arsa a wuri ɗaya, ya mai da ita ƙa'idar da ake koyarwa, ya kuma gwada ta a hannun wani a gari mai nisa. Ya sauƙaƙa wa masu haya shiga, ya ɗaura samunsa a kan samunsu, ya riƙe sirrin haɗi a gidansa, kuma muddin waɗannan suna hannunsa maganarsa ita ce doka a kowane kicin. Ranar da ya sa hannu a takardar 1964 ya sayar da suna da sirri tare, bai riƙe hannun jari ba, bai kuma rubuta wa kansa ikon hana sauya girki ba, saboda haka shekaru 16 da suka rage masa ya yi su ne yana ma'aikaci mai albashi a kamfanin da ke ɗauke da fuskarsa. Gidan abincinsa na Corbin yana nan, an mai da wani sashensa gidan tarihi, inda baƙi ke ganin kicin ɗin da aka fara gwada tukunyar nan mai matse tururi.